The Shape of Punk to Come

The Shape of Punk to Come shi ne kundin waƙoƙi na uku na Refused, ƙungiyar makaɗa daga birnin Umeå da ke arewacin Suwidin, kuma kamfanin Burning Heart Records ne ya fitar da shi a 1998. Kundin na ɗauke da waƙoƙi 12 masu tsawon kimanin minti 55. Ana lissafa shi cikin manyan ayyukan salon da ake kira post-hardcore, wato kiɗan da ya tsiro daga hadko, reshen pank (kiɗan rok na tawaye) mai sauri da tsawa, amma ya ƙi tsayawa a iyakokinsa. A lokacin fitowarsa bai samu kasuwa ba, ƙungiyar ma ta watse a shekarar, sai bayan haka sunansa ya yi ta bunƙasa har ya zama abin koyi ga makaɗan rok na ƙasashe da dama.

Asalin ƙungiyar

An kafa Refused a 1991. A shekarun 1990 Umeå, birnin jami'a mai tsananin sanyi da dogon dare a lokacin hunturu, ya shahara da matasa masu kiɗan hadko waɗanda suka ƙaurace wa giya da miyagun ƙwayoyi, da yawansu kuma ba sa cin nama ko wani abin da ya fito daga dabba. Refused ce kan gaba a wannan tafiya. Kafin kundin da ake magana a kai ta fitar da guda biyu, a 1994 da 1996, na biyun shi ne Songs to Fan the Flames of Discontent, wanda ya karkata ga kiɗa mai nauyi da kalamai na adawa da jari-hujja. A lokacin aikin kundi na uku, Dennis Lyxzén ne mawaƙi, David Sandström na kan ganguna, Kristofer Steen da Jon Brännström na kaɗa jita, Magnus Björklund kuma ya kaɗa jitar bes. An naɗi waƙoƙin a ƙarshen 1997 a ɗakin naɗar sauti na Tonteknik da ke Umeå, tare da Pelle Henricsson da Eskil Lövström.

Suna da manufa

An aro sunan kundin ne daga The Shape of Jazz to Come, faifan da makaɗin jaz Ornette Coleman ya fitar a 1959, wanda ya kwance wa kiɗan jaz ƙa'idodin da suka ɗaure shi. Wannan aro ikirari ne babba, domin 'yan ƙungiyar suna cewa ne za su yi wa pank abin da Coleman ya yi wa jaz. Hujjarsu, wadda suka shimfiɗa a cikin waƙoƙin da kuma dogon bayanin da ke jikin faifan, ita ce kalaman juyin juya hali ba su da wani ƙarfi matuƙar an ɗora su a kan kiɗan da kowa ya saba da shi, wanda kamfanoni suka riga suka iya sayarwa. A ganinsu hadko, da ya fara a matsayin tawaye, ya koma al'ada mai dokoki, inda ake tuhumar duk wanda ya kauce wa tsarin da aka gada.

Tunanin siyasar kundin ya sha daga rijiyoyi da yawa. Akwai tasirin ƙungiyar masu tunani ta Guy Debord a Faransa, wadda ra'ayoyinta suka taka rawa a boren ɗalibai da ma'aikata na 1968, kuma wannan shekara ce waƙar Protest Song '68 ke nuni da ita. Sunan waƙar farko, Worms of the Senses / Faculties of the Skull, an ciro shi daga Howl, doguwar rubutacciyar waƙar Allen Ginsberg ta 1956. Ta fuskar salo da siffa kuwa, bashin da ke kan Refused ya fi yawa ga makaɗan birnin Washinton, musamman ƙungiyoyin Nation of Ulysses da Fugazi. Masu suka sun daɗe suna cewa abin da aka ɗauka sabo ne a kundin, wasu sun riga sun taɓa shi shekaru kafin nan, kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya. Abin da Refused ta ƙara shi ne ta tattara waɗannan dabaru wuri guda, ta naɗe su da sauti mai tsabta da ƙarfi wanda kunnen da bai saba da pank ba zai iya ɗauka.

Kiɗan

Abin da ya fi fice a kundin shi ne yadda yake sauya hanya ba tare da sanarwa ba. Tsakanin waƙoƙi ana jin muryoyi kamar na gidan rediyo, da tafin 'yan kallo, da guntayen kiɗan na'ura, ta yadda mai sauraro zai ji kamar wani ne ke murɗa akwatin rediyo yana neman tasha. A cikin The Deadly Rhythm, ana tsakiyar rugugin jita sai komai ya lafa, a bar babban bes na katako da ganguna suna tafiya a salon jaz, sannan tsawar ta dawo. Liberation Frequency tana farawa da siririyar murya a kan jita mai laushi, tana kiran a ƙwato tashoshin rediyo daga hannun 'yan kasuwa, kafin amshin ya fashe da ihu. Tannhäuser / Derivè, mai tsawon kimanin minti takwas, tana buɗewa da goge irin na Turawa, a hankali take hawa har ta kai ƙololuwa. Waƙar ƙarshe kuma, The Apollo Programme Was a Hoax, a sanyaye take rufe kundin, babu hayaniya.

New Noise ce waƙar da ta fi kowace shahara, kuma ita ce ta fi nuna dabarar ƙungiyar. Jita guda ce ke fara maimaita ɗan gajeren kiɗa a takure, ganguna suna taruwa a bayanta kamar hadari. Daidai inda mai sauraro ke jiran fashewa, sai a janye komai a sako kiɗan na'ura mai sanyi, a bar shi yana jira har a wuce minti guda da fara waƙar, sannan Lyxzén ya kurma ihu, dukkan kayan kiɗa su faɗo a lokaci ɗaya. Wannan jan rai kafin sakin ƙarfi shi ne abin da ƙungiyoyi da yawa suka kwaikwaya daga baya. Yawancin nauyin aikin yana wuyan Sandström, wanda gangunansa ke riƙe da waƙoƙin duk inda suka karkata.

Watsewa

Masoyan hadko da yawa ba su karɓi kundin ba, wasu sun ɗauke shi girman kai. A cikin ƙungiyar ma zama ya yi tsami, ga gajiyar yawon wasa, ga saɓani kan inda aka dosa. A kakar 1998 suka tafi Amurka, inda suka riƙa wasa a ƙananan wurare gaban mutane ƙalilan. Wasansu na ƙarshe ya gudana a watan Oktoba a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida a Harrisonburg da ke jihar Bajiniya, kuma 'yan sanda ne suka tsayar da shi bayan 'yan waƙoƙi kaɗan. Ƙungiyar ta fitar da sanarwa mai zafi tana cewa ba za su sake wasa tare ba, ta kuma nemi jaridu su ƙone hotunanta. Lyxzén ya kafa ƙungiyar The International Noise Conspiracy, sauran kuma suka yi aiki da sunan TEXT. A 2006 Steen ya fitar da fim na gaskiya a kan watannin ƙarshe na ƙungiyar.

Tasiri

Bayan watsewar ne bidiyon New Noise ya riƙa yawo a tashoshin talabijin na kiɗa, faifan kuma ya ci gaba da wucewa daga hannu zuwa hannu. A 2003 mujallar Kerrang! ta Ingila ta sanya shi cikin jerin kundaye 50 mafi tasiri. Ƙungiyar Paramore ta aro layin nan na Liberation Frequency na ƙwato tashoshin rediyo a waƙarta Born for This ta 2007, ƙungiyar Anthrax kuma ta sake rera New Noise. An yi amfani da waƙar a fim ɗin Friday Night Lights na 2004, da Triangle of Sadness na 2022, da shirin talabijin The Bear, kuma ana sa ta a filayen wasanni domin zaburar da 'yan kallo.

A nan ne gadon kundin ya zo da sarƙaƙiya. Waɗanda suka biyo baya sun ɗauki sautin, wato ihu bayan shiru, da cakuɗa jita da na'ura, da tsabtar naɗi, amma kaɗan ne suka ɗauki siyasar da aka gina sautin domin ta. Waƙar da aka rubuta don sukar masana'antar nishaɗi ta zama ɗaya daga cikin kayan aikinta. Duk da haka, buɗe ƙofar da kundin ya yi gaskiya ne: bayan 1998 ya zama abu mai sauƙi ga ƙungiyar hadko ta sako goge, ko jaz, ko kiɗan rawa na na'ura, ba tare da an ce ta ci amanar salon ba.

Kamfanin Epitaph ya sake fitar da kundin a 2010 tare da naɗin wani wasa da suka yi a Umeå a 1998. A 2012 Refused ta karya alkawarinta ta dawo, ta yi wasa a bikin Coachella da ke Kalifoniya gaban dubban mutane, lamarin da ya jawo mata yabo da zargi a lokaci guda. Ta fitar da Freedom a 2015 da War Music a 2019. A watan Yunin 2024 Lyxzén ya gamu da bugun zuciya, ya kuma farfaɗo, kuma a cikin shekarar ƙungiyar ta sanar da cewa yawon wasan 2025 shi ne na bankwana.