Ajin Tarihin Opera na Manya: Me Ake Koya, Ina Ake Tuntuɓe?

Sai wanda ya iya kiɗa ne zai shiga ajin?

A'a. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rerawa, makaɗa na rakiya, kuma kunne ake horarwa a ajin. Jami'o'i da gidajen opera a Turai da Amurka kan shirya irin wannan aji domin manya. Mako takwas zuwa goma, awa biyu kowane zama, ya wadatar.

Daga ina abin ya faro?

Daga Filorens ta Italiya, gab da shekarar 1600, inda wasu masana suka so farfaɗo da wasan Girkawan dā. Euridice ta mai tsara kiɗa Jacopo Peri, ta 1600, ita ce opera mafi tsufa da kiɗanta ya iso mana. Wani mai tsara kiɗan, Monteverdi, ya biyo da L'Orfeo a fadar Mantuwa ta Italiya a 1607.

Shekarar da ta fi cancanta a riƙe ita ce 1637, lokacin da aka buɗe gidan opera na San Cassiano a Benis ta Italiya, inda duk mai kuɗin tikiti zai shiga. Da abin ya bar fada, sai masu biya suka kama akalarsa. Fitattun mawaƙa suke so, don haka waƙar mutum ɗaya ta yi ta tsawo har labarin ya koma baya. Wannan ne mai tsara kiɗa Gluck ya tashi gyarawa a Biyana ta Ostiriya a 1762.

Me ya kamata ɗalibi ya iya rarrabewa?

Abu biyu tukuna. Akwai rera magana, wadda ke tafiya da sauri tana tura labari gaba. Akwai ariya, inda labari ke tsayawa cak, mawaƙi ya amayar da abin da ke ransa. Wanda ya kama wannan zai bi operar Mozart ɗan Ostiriya ba wahala, zai kuma gane abin da Wagner Bajamushe ya yi da ya goge iyakar da ke tsakaninsu. Muryoyi, daga sofarano (siririyar muryar mace) zuwa bas (kakkaurar muryar namiji), a bar su sai mako na biyu.

Me ke kashe aji?

Dogon saurare. Ring ta Wagner, wadda aka fara nunawa cikakkiya a Bayreuth ta Jamus a 1876, opera huɗu ce mai kusan awa 15; malamin da ya kunna babi guda zai tarar rabin aji na gyangyaɗi. A yanko minti biyar zuwa bakwai. A faɗi wa ke magana da abin da yake nema, a raba fassarar kalmomin, a saurara, a tattauna, a sake kunnawa.

Lasifikar kwamfuta ma matsala ce: tana cinye sautin ƙasa, muryar bas ta ɓace.

Bin shekaru a jere tun ranar farko shi ma kuskure ne, domin kiɗan 1607 baƙo ne ga sabon kunne. Gara a buɗe da operar Verdi ɗan Italiya, misali Aida da aka fara nunawa a Alƙahira a 1871, sannan a mako na biyu a koma Filorens.