Mene Ne Laifin Ƙiyayya A Idon Shari'a?

Kotu ba ta ɗaure mutum saboda abin da ya ɓoye a zuciyarsa. Kafin a ce an aikata laifin ƙiyayya sai abu biyu sun haɗu: laifin da doka ta riga ta haramta, kamar duka, kisa, barazana ko ɓarnata dukiya, da kuma hujjar cewa an auka wa mutumin ne saboda launin fatarsa, ƙabilarsa, asalinsa ko addininsa. In babu na farko, babu tuhuma. In na biyu ya gagara tabbata, sai a hukunta laifin yadda aka saba.

Abin da sharaɗi na biyu ke ƙarawa shi ne tsananin hukunci. A Ingila da Wales, dokar 1998 ta ɗaga iyakar hukuncin ƙaramin duka daga wata 6 zuwa shekara 2 idan akwai wariyar launin fata a ciki. Dukan da ya jawo rauni ya tashi daga shekara 5 zuwa 7, ɓarnata dukiya kuma daga 10 zuwa 14. Ƙarin yana kan daidai, domin wanda aka daka saboda ƙabilarsa ba shi kaɗai aka tsorata ba, duk masu kama da shi an yi musu kashedi.

Wurin da shari'a ta fi rushewa shi ne tabbatar da dalili. Dokar 1998 ɗin nan ta buɗe hanya biyu: ko a nuna ƙiyayya ce ta ingiza mai laifin, ko a nuna ya bayyana ta da baki ko da aiki a lokacin laifin, ko dab da shi, ko jim kaɗan bayansa. Hanya ta biyu ta fi sauƙi, amma ta dogara da ainihin kalmomin da aka furta. Idan mai ƙara ya ce wa 'yan sanda "ya zage ni" kawai, bai maimaita zagin ba don kunya ko ɓacin rai, to ya raunana ƙararsa tun daga tushe. Ana buƙatar lafazin kamar yadda ya fito, da shaidun da suka ji, da saƙonnin waya ko bidiyo kafin a goge su. Bayan kisan wariya da aka yi wa Stephen Lawrence, wani matashi baƙar fata, a Landan a 1993, rahoton binciken da tsohon alƙali Macpherson ya jagoranta, na 1999, ya nemi 'yan sanda su rubuta lamari a matsayin na wariya muddin wanda abin ya shafa ko wani mutum ya ɗauke shi haka. Sai dai shiga kundin 'yan sanda daban, gamsar da alƙali daban.

Kada a haɗa wannan da kalaman tunzura ƙiyayya, inda furucin kansa ne laifin. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965 kan kawar da wariyar launin fata ta buƙaci ƙasashe su haramta shi. Jamus na ɗaure mai tunzurawa daga wata 3 zuwa shekara 5, alhali tsarin mulkin Amurka yana kare yawancin irin wannan magana.

Hana mutum aiki, haya ko wata hidima saboda asalinsa shi ma babi ne mai zaman kansa. A Faransa hukuncinsa ya kai shekara 3 da tarar yuro 45,000, kuma kotu na karɓar shaidar gwaji, wato a tura mutum biyu masu cancanta ɗaya, asali daban, a ga wanda za a kora.

Brazil ta tsaurara ƙwarai. Tsarin mulkinta na 1988 ya ce babu beli a laifin wariya, kuma daɗewar lokaci ba ya hana gurfanar da mai shi. Duk da haka an daɗe ana karkatar da ƙararraki zuwa tuhumar zagin mutum ɗaya, mai hukuncin shekara 1 zuwa 3, har sai da dokar 2023 ta shigar da zagin launin fata cikin laifukan wariya, ta mai da hukuncinsa shekara 2 zuwa 5.