Watannin Kalandar Yahudawa

Kalandar Yahudawa tana bin wata da rana gaba ɗaya. Kowane wata yana kamawa ne kusa da tsayuwar jinjirin wata, kwanakinsa 29 ko 30, kuma sabon yini yana shiga da faɗuwar rana, kamar a lissafin Hijira. Amma wata goma sha biyu kwana 354 ne kawai, kwana goma sha ɗaya ke nan ƙasa da shekarar Miladiyya. A kalandar Musulunci ba a cike wannan giɓi, shi ya sa azumi ke zagayawa daga bazara zuwa damina zuwa hunturu. Yahudawa kuwa sukan ƙara wata guda sukutum sau bakwai a cikin kowace shekara 19, wato a shekara ta 3, 6, 8, 11, 14, 17 da 19, domin Idin Ƙetarewa, wato idin tunawa da fitowar Bani Isra'ila daga Masar, ya riƙa faɗowa bayan sanyi a ƙasarsu.

Saboda haka kowane wata yana da mazauninsa. Tishri, wanda shekara ke sabuntawa a cikinsa, yana tsakanin Satumba da Oktoba, ranar 10 gare shi ce Yom Kippur, ranar azumi da neman gafara. Heshban ya biyo baya, sai Kisleb a Nuwamba da Disamba, inda bikin Hanukka ke farawa ranar 25. Tebet, Shebat da Adar su ne watannin sanyi har zuwa Maris. Nisan yana tsakanin Maris da Afrilu, kuma shi Attaura ta kira wata na farko, ko da yake lambar shekara a Tishri take canjawa. Daga nan sai Iyar, Siban, Tammuz, Ab da Elul, wanda galibi ke ƙarewa a Satumba.

Watan da ake ƙarawa Adar ne: a shekarar ƙari akan yi Adar biyu, kuma a na biyun ake bikin Purim. Heshban da Kisleb ma ba su da tsayayyen adadi, sukan ƙaru ko su ragu da kwana ɗaya don kada sabuwar shekara ta faɗo Lahadi, Laraba ko Juma'a. Wannan ya sa shekara take iya zama kwana 353 zuwa 355, ko 383 zuwa 385. A da sai shaidu sun ga wata, yanzu lissafi ne zalla, wanda ake dangantawa da Hillel na Biyu, shugaban majalisar malaman Yahudawa, a ƙarni na 4 na Miladiyya.

Sunayen daga Babila aka ɗauko su, shi ya sa har gobe Larabawan Iraƙi, Siriya da Lebanon ke kiran Afrilu Nisan, Yuli Tammuz, Satumba Ailul. Wajen ƙidayar shekaru, ana ƙara 3760 a kan Miladiyya, ko 3761 bayan Tishri ya kama. Shekarar 5785 ta shiga da magaribar 2 ga Oktoba, 2024.