Na'urar auna iskar CO2 a ɗaki: yadda ake saita ta da abin da lambarta ke nufi

Annobar korona ce ta fito da wannan 'yar na'ura daga masana'antu zuwa ajujuwa da ofisoshi. A shekarar 2021 gwamnatin Birtaniya ta raba wa makarantun Ingila kusan guda 300,000, yanzu kuwa ana samun ta a shagunan intanet, mai kyau da ta bogi. Ga amsoshin tambayoyin da mai niyyar saya ko mai riƙe da ita zai so ya sani.

Me take aunawa, kuma me ya sa zan damu?

Tana auna iskar kabon dayoksaid, wato CO2, wadda kowannenmu ke fitarwa idan ya yi numfashi. Lambar tana zuwa da alamar ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. A waje, iskar duniya a yau tana ɗauke da kusan 420. Numfashin da mutum ya fitar kuwa yana kai wa wajen 40,000. Don haka idan aka rufe ƙofa da taga a kan mutane, lambar za ta yi ta hawa, kuma hawan nata shi ke nuna yawan numfashin wasu da kake sake shaƙa. Idan ta kai 800, kusan kashi 1 cikin 100 na iskar da ke shiga huhunka ta riga ta shiga huhun wani ta fito.

Nan ne amfaninta yake. Tarin fuka, ƙyanda da korona duk ta iska suke bi. A wata jami'a a Taiwan tarin fuka ya taɓa ɓarkewa a ajujuwan da lambarsu ta haura 3,000. Da aka gyara hanyoyin shigar iska ta sauko wajen 600, sai yaɗuwar ta tsaya. Na'urar ba ta ganin ƙwayar cuta, amma tana nuna ɗakin da ƙwayar za ta samu wurin zama.

Wace lamba ce mai kyau?

Ƙasa da 800, iska na shiga sosai. Tun 1858 wani masani Bajamushe, Max von Pettenkofer, ya ba da shawarar kada ɗaki ya wuce 1,000, kuma har yau da wannan ma'auni ake yawan aiki. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya tana ɗaukar ɗakin da ke zama sama da 1,500 a matsayin wanda ke buƙatar gyara. Iyakar da dokokin aiki suka sa a ƙasashe da yawa ita ce 5,000 cikin awa 8, amma wannan iyaka ce ta kare ma'aikaci daga illar iskar kanta, kada a ɗauke ta a matsayin mizanin aji ko ɗakin kwana.

Duk wadda na gani a kasuwa zan iya saya?

A'a, kuma a nan aka fi cutar mutane. Nemi wadda aka rubuta NDIR a jikinta ko a takardarta. Irin wannan tana da ɗan fitila a ciki mai fitar da hasken da ido ba ya gani, iskar CO2 tana shanye wani ɓangare na hasken, na'urar ta lissafa abin da ya ragu. Aranet4 na daga cikin waɗanda suka yi suna. Masu arha da yawa kuwa ba CO2 suke aunawa ba sam. Suna jin ƙamshin sinadarai ne kawai su ƙiyasta lamba, wani lokaci za ka ga an rubuta eCO2.

Gwaji biyu sun isa su tona asirin ta bogi. Hura mata numfashi a hankali: ta gaske za ta haura dubbai, sannan ta sauko cikin 'yan mintuna. Sai ka kawo man wanke hannu mai sinadarin barasa ko turaren fesawa kusa da ita: ta gaske ba za ta kula ba, ta bogi kuwa za ta zabura. Kada a yi gwajin da turaren wuta, domin duk abin da ke ci da wuta yana fitar da CO2 na gaskiya.

Mene ne saitawa, kuma yaya ake yi?

Kamar sikelin mahauci ne: idan allura ba ta tsaya kan sifili ba kafin a ɗora nama, duk awon da ya biyo baya karkatacce ne. Fitilar cikin na'urar tana tsufa, ƙura tana shiga, faɗuwa ƙasa tana girgiza ta, sai lambar ta fara kaucewa. Abin da ake daidaita ta da shi shi ne iskar waje, tunda an san adadinta.

Fitar da ita waje da rana, ka ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Nisanta ta da titi, janareta, murhu da taron mutane. Ka bar ta kamar minti 20 zuwa 30 ta saba da zafin wurin. Idan ta nuna tsakanin 400 da 450, ƙyale ta, lafiyarta lau, domin galibinsu dama kuskuren 30 zuwa 50 suke da shi. Idan ta nuna 300 ko 600, sai ka shiga wurin saiti ka danna saitawa, ka ja da baya nan take. Mutane da yawa a nan suke ɓata aikin: suna tsaye a kanta suna kallon allo, numfashinsu na shiga, sai na'urar ta ɗauki gurɓatacciyar iska a matsayin 400, daga nan kuma ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya.

Kada a yi da asuba ko da dare. A lokacin iska kan kwanta, hayaƙin gari da abin da tsirrai da ƙasa ke fitarwa su taru kusa da ƙasa. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri ma gara a jira, saboda ƙurar da za ta shige ta. Wanda ke wuri mai tudu kamar Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ya duba ko na'urarsa tana gyara lissafi da nauyin iska ko tana da wurin shigar da tsayin gari, domin in babu za ta rage lamba.

An ce wasu suna saita kansu. To me ya rage mini?

Haka ne, yawancinsu na da wannan tsari. Na'urar tana duba mafi ƙarancin lambar da ta gani cikin kusan mako ɗaya, ta ɗauka cewa wannan ita ce iskar waje, ta mayar da ita 400. A aji ko ofis da ake watsewa da yamma a bar shi babu kowa, dabarar tana aiki daidai. Matsalar tana ɗakin da ba ya rabuwa da mutane: ɗakin kwantar da marasa lafiya, ɗakin kwanan ɗalibai, ɗakin mai jego da aka toshe ko'ina. Idan lamba ba ta taɓa sauka ƙasa da 700 ba, na'urar za ta mayar da 700 ɗin 400, ta riƙa kwantar maka da hankali a kan ƙarya. A irin wannan wuri ko dai ka kashe saitin kai-tsaye ka riƙa yi da hannu bayan 'yan watanni, ko ka riƙa fitar da ita waje na awa ɗaya kowane mako.

Ina zan ajiye ta?

Daidai tsayin kan wanda ke zaune, aƙalla rabin mita daga fuskar kowa, nesa da taga da ƙofa. Kada ka yanke hukunci da lambar minti biyar na farko. Ka duba lokacin da ɗakin ya cika aka kuma jima a ciki.

Ina da na'urar sanyaya ɗaki da fanka. Ba su wadatar ba?

Sanyi daban, sabuwar iska daban. Na'urar sanyaya ɗaki ta bango, irin wadda ta cika gidaje da ofisoshi, iskar ɗakin take jujjuyawa, ba ta shigo da ta waje. Mutum biyu a ƙaramin ɗaki rufaffe na iya wayar gari da lamba sama da 2,000. Mota ma haka, idan an rufe gilashi an danna maɓallin juya iskar ciki. Fanka tana taimakawa ne idan akwai buɗaɗɗiyar taga da za ta tura iska. Abin da ya fi aiki shi ne buɗe wurare biyu masu fuskantar juna, ko da kaɗan ne, sai ka ga lambar na gangarowa. Na'urar tace iska kuwa tana kama ƙura da ƙwayoyin cuta amma ba ta taɓa CO2, don haka lambar ba za ta sauka saboda ita ba.

Za ta faɗakar da ni idan hayaƙin janareta ko gawayi ya cika ɗaki?

Kada ka dogara da ita a kan wannan ko kaɗan. Abin da ke kashe iyali cikin barci idan an kunna janareta a baranda, ko an shigar da kaskon gawayi ɗaki lokacin sanyi, shi ne kabon monoksaid, wato CO. Sunayen sun yi kama, iskar daban ce. CO ba ta da wari ko launi, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar oksijin, kuma 'yan ɗaruruwan ppm nata sun isa su kwantar da mutum, alhali na'urar CO2 tana iya nuna lambar da ba ta da ban tsoro. CO tana da tata ƙararrawar ta daban mai ƙara da ƙarfi. Gidan da ake kunna janareta ko ake jin ɗumi da gawayi, ita ya kamata a fara saya, a kuma ajiye janaretan can waje nesa da taga. Wanda ya tashi da ciwon kai, jiri da tashin zuciya a irin wannan ɗaki, musamman idan ba shi kaɗai ba ne, a fitar da kowa waje nan take a nufi asibiti.