Me ya sa ake fara ilimin kiɗa da do-re-mi?

Mene ne sikel ɗin mejo?

Kalmar sikel daga Latin ta fito, ma'anarta tsani. Sautuka bakwai ne a jere, kowanne ya ɗara na bayansa tashi: do, re, mi, fa, so, la, ti, sai na takwas ya sake zama do, amma a sama. Zauna gaban fiyano, ka ɗora yatsa a kan C (farin maɓallin da ke hagu da baƙaƙe biyu), ka bi fararen maɓallai kawai, wato D, E, F, G, A, B, har C na gaba. Ka buga shi kenan.

Sirrinsa yana cikin tazarar matakalan: cikakken taki, cikakke, rabi, cikakke, cikakke, cikakke, rabi. Rabin taki shi ne daga maɓalli zuwa wanda ke manne da shi, fari ko baƙi; rabi biyu ne cikakken taki. Dubi fiyanon da kyau. Tsakanin E da F babu baƙin maɓalli, haka ma tsakanin B da C. Nan rabin takin biyu suke.

To me ya sa malamai ke nacewa a kansa?

Domin shi ne ma'aunin da ake gwada saura da shi. Idan malami zai bayyana maka sikel ɗin maino, cewa zai yi ka sauke sauti na uku da na shida da na bakwai da rabin taki. Daga ina za ka sauke su? Daga mejo. Wanda bai riƙe mejo ba, wannan bayanin ba zai shige shi ba, sai dai ya yi ta hadda.

Kuma tsarin ba ya sauyawa ko daga ina ka tashi. Fara daga G, za ka ji F bai zauna daidai ba sai ka hau baƙin maɓallin da ke gabansa. Tazarar ce ta tilasta hakan. Haka duk sikel ɗin mejo 12 suke fitowa daga ƙa'ida guda, kuma a ganina wannan ne abu mafi daɗi da ɗalibi ke ganowa a watanninsa na farko.

Ina alaƙarsa da kod?

Haɗa na ɗaya da na uku da na biyar, wato do, mi, so, ka buga su tare: ka sami kod. Gina irinsa a kan mataki na huɗu da na biyar, kana da kod uku da waƙoƙi masu ɗimbin yawa ke tafiya a kansu. Shi ya sa makaɗa ke magana da lamba, "je huɗu, koma ɗaya". Idan muryar mawaƙiya ta kasa kaiwa sama, mai kibod zai sauko da waƙar baki ɗaya, lambobin kuwa suna nan yadda suke.

Wa ya raɗa sunayen nan?

Guido na Arezzo, wani malamin coci a Italiya a ƙarni na 11. Ya ciro ut, re, mi, fa, sol, la daga farkon baitocin wata waƙar ibada. Daga baya aka maye ut da do, aka ƙara si a matsayin sauti na bakwai, sannan Sarah Glover ta Ingila ta mai da si ti a ƙarni na 19.

Duk kiɗan duniya a kan sikel ɗin mejo yake?

A'a. Ƙashin bayan ilimin kiɗan Turai ne. Maƙamat, wato tsare-tsaren sautukan kiɗan Larabawa, suna da sautukan da suka faɗa tsakanin maɓallan fiyano, Indiya kuma tana da raga, wato nata tsarin sautuka, da nata dokokin. Sai dai cire fa da ti daga mejo, za ka sami sikel mai sauti biyar da al'ummomi da yawa ke waƙa da shi.

Yaya zan koye shi ya zauna?

Da baki, kafin yatsu. Rera daga do a hankali, ka tsaya cak a kan ti. Za ka ji kunnenka ya ƙagu, yana jiran do. Wannan ƙaguwar ce mawaƙa ke wasa da ita, su jinkirta ta ko su biya ta. Yi haka kullum, yau daga C, gobe daga G, jibi daga D, kana kiran kowane sauti da sunansa.