Ga amsoshinku, nas-nas masu horar da sabbin ma'aikata

Kusan kullum sai wata ta tare ni da tambayoyin nan, to ga su wuri ɗaya, don Allah a karanta.

Shekara nawa zan yi kafin a haɗa ni da sabuwar nas?

Biyu zuwa uku a sashe ɗaya. Masaniyar aikin jinya Patricia Benner a 1984 ta kasa ƙwarewar jinya hawa 5, kuma wajen nan ne ake kaiwa hawa na uku. Kafin nan ke ma koyo kike.

Sai na zama metiron, wato shugabar nas-nas, zan iya shugabanci?

A'a. Ranar da aka ce ga wance ki riƙe ta, ranar kika fara.

Ni fa gabana faɗuwa yake, gani nake ban isa ba.

Kwantar da hankalinki 'yar uwa, kowa da haka ya fara. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura tun 1977 ya nuna ba abin da ke ƙara ƙarfin gwiwa kamar mutum ya yi abu da hannunsa ya ga ya yiwu. In sabuwar nas ɗin ta tambayi abin da ba ki sani ba ki ce zo mu duba, ban da ƙirƙirar amsa, rai ne a hannunku.

In ta yi kuskure gaban majinyaci, in gyara mata nan take ko in bari mu fita?

To wannan ya danganta. In kuskuren zai cutar, misali ta zuƙo allura fiye da yadda likita ya rubuta ko za ta ba wani maganin wani, ba jira, ki dakatar da ita, amma a hankali, ki ce Sista ɗan tsaya mu sake duba fayil, ba sai duk ɗakin ya ji ba. In kuwa ƙaramin abu ne, ta yi jinkiri ko ta jera kaya ba yadda kika saba ba, ki haɗiye sai kun keɓe, kuma ki fara jin dalilinta tukuna don wani lokaci ita ce kan sabon tsari, ke ce kike kan tsoho. Akwai kuma na tsakiya, kamar ta kasa samun jijiya, majinyaci ya fara ƙosawa, a nan ni nakan bari ta gwada sau biyu sannan in karɓa, amma ki bi ƙa'idar asibitinku, ki kuma dubi halin majinyacin, yaro ko wanda ya galabaita ba a koyo a kansa haka. Tsawa dai ban yarda da ita ba sam, wadda kika kunyata yau gobe ɓoye miki kuskure za ta yi.

Me ya sa sabbin ba sa zama?

Haba, ku tambayi kanku mana. Masaniyar aikin jinya Marlene Kramer ta bayyana tun 1974 irin gigicewar da sabuwar nas ke yi in ta ga aiki ya sha bamban da makaranta. Abin da ke riƙe mutum shi ne abokan aikin da ya shaƙu da su, da jin ya dace da wurin, da abin da zai rasa in ya tafi. Wadda aka bari ita kaɗai a dutin dare satinta na farko, me zai riƙe ta?

Mu masu horarwar fa, wa ke kula da mu?

Shugabannin sashe, da ku nake. Ku rage wa mai horarwa yawan majinyata a watannin da take horarwa, ku daidaita musu duti tare ita da sabuwar, in ba haka ba ita ma takardar ajiye aiki za ta kawo muku.