Hanyar saƙo daga ɓawon ƙwaƙwalwa zuwa sitirayatom

Sitirayatom wani curi ne na ƙwayoyin jijiya da ke can cikin ƙwaƙwalwa, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma shi ne ƙofar shiga rukunin da likitoci ke kira basal gangiliya. Sunan daga Latin ne, wai mai zane-zane, don in an yanka shi za ka ga ratsin fari da toka-toka. Likitan Ingila Thomas Willis ya siffanta shi tun 1664. A ƙwaƙwalwar mutum manyan sassansa su ne kodet da futamen.

Kusan ko'ina a ɓawon ƙwaƙwalwa, wato korteks, yana aiko masa saƙo, wajen gani da wajen ji da wajen taɓi da wajen da ke ba gaɓoɓi umarni har da ɓangaren goshi inda ake yanke shawara. Saƙon yana zuwa ne da sinadarin gulutamet mai zaburarwa, ya sauka kan wasu ƙwayoyi masu ƙayoyi a rassansu, a ɓera su ne wajen kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyin jijiyar wurin. Ƙwayoyin nan shiru-shiru ne fa, kowacce tana sauraron dubban ƙwayoyin korteks amma ba ta tashi sai kira ya taru mata da yawa a lokaci guda. Anan ne abin da ido ya gani ko kunne ya ji yake haɗuwa da abin da ƙafa za ta yi.

Mu da ke zaune a Makka mun san wannan a jikinmu. Namijin da ya saba Umra in yana sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, da ya shigo ƙarƙashin korayen fitilun nan ƙafarsa ta riga ta fara sassarfa bakinsa na kan addu'a, shi kuwa baƙon alhaji sai ya ɗaga kai ya duba, ya tuna abin da malam ya ce, sannan ya ƙara sauri. Fitila ɗaya, ido iri ɗaya, bambancin ƙarfin ɗaurin da ke tsakanin korteks da sitirayatom ne.

Daga sitirayatom hanya biyu ce ke fita. Miƙaƙƙiyar tana ɗage birkin da ke kan talamus, wato tashar da ke miƙa saƙo zuwa korteks, motsi ya samu fita, mai zagayen kuma tana ƙara danne shi. An daɗe ana koyar da su kamar totur da birki, sai a 2013 ɗakin binciken Rui Costa ya nuna a ɓera cewa duka biyun suna tashi tare lokacin fara motsi. Ni dai wannan ya fi kwanta mini, tunda kafin ka miƙa hannu ga kofin shayi dole a saki wannan motsin a kuma riƙe sauran da ke gasa da shi.

To wa ke ƙarfafa ɗaurin? Sinadarin dofamin ne, da ke zuwa daga wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna sabstanshiya nigira. Wolfram Schultz ya nuna a birai cewa ƙwayoyin dofamin suna zabura in lada ya zo fiye da yadda aka zata, kuma wannan zaburar ce ke taimakawa a ƙara ƙarfi ga mahaɗar ƙwayoyin jijiyar da ta yi aiki a lokacin. A 2013 Petr Znamenskiy da Anthony Zador suka koya wa ɓeraye zaɓar dama ko hagu bisa tsinin sautin da suka ji, da suka zaburar da ƙwayoyin ji masu zuwa sitirayatom ta hanyar haske sai zaɓin ɓerayen ya karkata.

Akwai kuma rabon aiki. A ɓera, sashen ciki na sitirayatom ya fi shiga aikin da ake yi da nufi ana lura da sakamako, sashen gefe kuma shi ke riƙe sabo. Direban da ya shekara goma da mota mai giya a Kano ya zo Jidda aka ba shi otomatik, ƙafar hagunsa sai ta yi kwanaki tana laluben kuloci, sabo ne bai sauka ba. Wani abin mamaki ya fito daga ɗakin binciken Bence Ölveczky a Harvard a 2015: ɓeran da ya riga ya ƙware a jerin motsin danna sanda ya ci gaba da yi ko da an lalata korteks ɗin motsinsa, amma wanda aka lalata wa kafin koyo bai iya koya ba.

In dofamin ya ragu sosai sai cutar Fakinsan, wadda James Parkinson ya bayyana a 1817. Korteks na aiko saƙo amma ƙofa ta yi nauyi, sai ka ga dattijo ya tsaya cak a bakin ɗaki kamar an liƙe masa ƙafa, abin tausayi wallahi, yana so ya tafi jiki ya ƙi. Da yawansu in aka ja layuka a ƙasa, ko aka ce Baba tsallaka layin tayil ɗin nan, ko aka riƙa ƙirga musu ɗaya biyu, sai taku ya dawo, shi ya sa masu gashin ƙashi da motsa jiki ke amfani da wannan dabarar tare da maganin lebodofa.